Sawun Zabo a Wuyan Hauya

Mahaifina maƙeri ne, kuma a Matameye idan aka ce hauyar gidanmu ce, ba a ƙara tambaya. Bayan Nasara sun zauna a Damagaram, tarkacen ƙarfe ya yawaita a kasuwa, mutanen da ba su gaji ƙira ba suka shiga bugawa. Hauyarsu tana da sheƙi, amma ba ta kai kaka. Da yake ido ba ya bambanta ta da tamu, masu kasawa, wato masu baje hauyoyi don sayarwa, a kasuwar Kance suka riƙa cewa aikin tsohon Matameye ne.

Ina da mata da ɗiya ɗaya a lokacin, ni ke riƙe da masaba, Baba yana juya ƙarfe da awartaki. Wata ranar kasuwa wani manomi daga Kurni ya zo ya jefa ruwan hauya a gaban Baba, ya rabu biyu.

"Baba tsoho, kwana huɗu na yi da ita. Huɗu! In hannu ya gaji ai sai a huta."

Baba ya ɗauka, ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya ce, "Wannan ba daga wutata ta fito ba."

"To daga wutar wa?"

Babu alamar da za a nuna wa mutum ya gani. Jama'a sun taru, wasu suna sunkuyar da kai don kunyarsa. Baba ya naɗe buzunsa ya koma gida, kuma daga ranar ya daina zuwa kasuwa. Yana ƙira, yana cin abinci, yana zuwa masallaci, amma ya rage magana, har gaisuwa ma a taƙaice yake amsawa.

Taubashina, ɗan ƙanwar Baba, fatauci yake yi da jakuna har Kano. Shi ya fara kawo zancen shaida. Ya zauna a bakin maƙera yana shan rake, ya ce, "Kawu, kowa yana sa wa kayansa alama sai ku. Buzu yana lalasa raƙuminsa. Marini yana ƙulla bakin zane. A Kano na ga dilolin tufafi, wani da zanen giwa, wani da rubutu, wani da'ira ce kawai kamar tambarin da Nasara ke bugawa a takardar lanho, harajin nan nasu. Ku kuwa kuna sakin ƙarfe kamar awakin da ba su da mai su."

Na ce, "Mu yi da'irar mana, ita ce mai sauƙi."

Taubashina ya ce, "Kai dai bawana, kanka kamar uwar maƙera yake, a buga a buga ba ya ji. Ka sa da'irar Nasara a hauya, wa zai saya? Cewa za a yi ta aikin tilas ce, duk wanda aka gan shi da ita a tura shi gyaran hanya."

Baba ya ƙi giwa. Ya ce bai taɓa ganinta ba, ba zai rataya sunansa a wuyan abin da bai sani ba. Daga nan ya koma kan aikinsa, sai na ɗauka an bar mini zaɓi.

Ni rubutu ne ya shiga raina. Ban iya ko harafi ɗaya ba a lokacin, sai yanzu da furfura nake koyonsa sannu sannu, kuma wanda bai iya rubutu ba yana ganin babu abin da ya fi shi ƙarfi. Na je wurin Malamin unguwarmu na roƙe shi ya rubuta mini sunan Baba a allo. Ya rubuta, ban gaya masa abin da zan yi da shi ba. Na yi kwanaki ina kwaikwayonsa da kurfi, abin da muke sara ƙarfe da shi, a kan tsohon ƙarfe har hannuna ya faɗa, sannan na sassaƙa shi a tsakiyar ruwan hauyoyin da muka ƙera, na kai kasuwa ni kaɗai. Kafin la'asar an saye su duka.

Ruwa ya sauka, aka shiga noma. Wata rana na je Dungu gaisuwar rasuwa, na shiga zauren wani dattijo, sai na ga hauyarmu a rataye a saman ƙofa, ko ƙota ba a sa mata ba.

Na ce, "Baba, ba ta yi ba ne?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ɗana, sunan mahaifinka akwai sunan Allah a cikinsa. Shi zan tura cikin taki? Kashin jaki fa muke zubawa a gonar nan."

Ashe haka kowa ya yi. Wasu sun rataye, wata tsohuwa ta naɗe tata a tsumma ta sa cikin rumbu don albarka. Gonaki kuwa da hauyar masu kasawa ake nome su, tana karyewa, ana ci gaba da kiran sunan Baba. Malam ya aiko aka kira ni. Bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Da ka tambaye ni." Na fi jin wannan fiye da mari.

Na gaya wa Baba komai. Sai ya yi dariya, ta farko a cikin watanni. Ya ce, "Ka ƙera musu laya, suna neman hauya."

Ya sa na hura wuta. Ya ce shaida ba ta son wayo. Ta zama abin da ba a jin tsoronsa, ba a kuma jin nauyinsa, wanda ƙasa ba za ta cinye ba, kuma wanda matar da aka aika kasuwa za ta iya faɗa da baki. Ya ɗauki kurfi ya yi sara uku a wuyan hauya, can kusa da inda ƙota ke shiga, suka haɗu a gindi suka buɗe a sama. Mahaifiyata ta leƙo da ƙwaryar fura ta ce, "Wannan ai sawun zabo ne." Sunan da ya bi ta ke nan.

Na ce masu kasawa za su kwaikwaya, sara uku ne kawai. Baba ya ce ya sani. Ya sa rigarsa ta Juma'a, muka je wurin Sarkin Maƙera. Sarkin Maƙera ya tara duk mai wuta a ƙasar, ya ce kowane gida ya zaɓi tasa shaidar a gaban kowa, wanda ya buga ta wani kuwa a kashe masa wuta wata guda. Wani ya ɗauki ɗigo biyu, wani jinjirin wata. Wasu sun ƙi zaɓa, kuma manoma suka gane dalili.

Da kasuwa ta zagayo, na tashi zan ɗaure kaya sai na tarar Baba ya riga ni, buzunsa a kafaɗa. Muka isa, ya shimfiɗa a wurinsa na da. Wata mata ta tsaya, ta ɗauki hauya ta shafa wuyanta da babban yatsa.

"Mai sawun zabo aka ce in sayo. Ta nan ce?"

Baba ya ce, "Ta nan ce, ƴata. In ta karye ki dawo da ita, ina nan."