Uwar Ɓeraye da Maganin Ciwon Daji

'Yar gwaggona dakta ce, amma kada ka kai mata ciwon kai. Za ta dube ka ta saman gilashinta mai kaurin gindin kwalba, ta ce, "Je ka asibiti." Karatun da ta yi, da a ce hanya ce, da ta kai bangon duniya ta dawo, amma har yau ba ta taɓa rubuta wa ɗan Adam ko maganin mura ba. Marasa lafiyarta ɓeraye ne. Farare, masu jan ido, suna kwana a ɗaki mai esi, ana sauya musu shimfiɗa. Ni da nake tuƙa tasi, rana tana gasa min ƙeya, ban sami gatan da mafi lalacewa a cikinsu ya samu ba. Shi ya sa na raɗa mata Uwar Ɓeraye, sunan kuma ya bi ta har wurin aiki.

Tun tana ƙarama haka take. Yara suna wasa, ita tana tsugune bakin ramin tururuwa tana kallon yadda suke jan mataccen kyankyaso. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi addu'a, ta gaji. Aka sa ta makaranta don ta yi hankali, sai makaranta ta ba ta izinin ci gaba da tsuguno, har da albashi.

Ni nake kai ta aiki, don ta san kowace jijiya a jikin ɓera amma ba ta bambance birki da totur ba. A mota ta yi min bayanin sana'arta. Wai a jikin kowa akwai wasu ƙwayoyi masu haɗama. Sunansu na boko ya fi ƙarfin harshena, ni maciya nake ce musu. Aikinsu gadi: duk mugun baƙon da ya shigo, su haɗiye shi. To, shi ciwon daji ɗan duniya ne, ba ya faɗa da su. Jan su gefe yake yi, ya shafa musu ɗan wani abu a baki, shi ke nan sun koma yaransa, har abinci suke jawo masa.

Na ce, "Ashe cin hanci ba a bakin titi ya tsaya ba."

Ta ce, "Kalli gabanka, direba."

Burinta ta samo abin da zai dawo da maciyan nan hayyacinsu, su cinye ƙarin, wato kumburin ciwon, da suke gadi. Sa'o'inta suka aurar da 'ya'ya, ita tana nan tana ɗiga ruwa daga wannan kwalba zuwa waccan. Ranar hutu ma sai ta je, wai ƙwayoyin da take kiwo a faranti za su ji yunwa. Mijinta, bawan Allah, ya koyi girki a dole.

Wata rana abu ya yi. Wani sinadari da ta daɗe tana haɗawa, ta yi wa ɓeraye allurarsa, sai ƙarin da ke jikinsu ya motse kamar tayar da ta taka ƙusa. Ranar na fara ganin haƙoranta na ciki.

Sai ta je ta gaya wa Darakta. Shi wannan shugaban cibiyar tasu, rabonsa da taɓa kwalbar gwaji tun ina rarrafe, kuma in ya ga ɓera kujera yake hawa, amma yana jin ƙanshin kyamara daga wata unguwa. Nan take ya sa ranar kiran 'yan jarida. Ya kuma tuna mata cewa ɗakin gwajinta na bene, mai faɗi da manyan firji, akwai masu zawarcinsa. In aka yi shela, ɗakin nata ne har ta tsufa. Sauran maganar bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, sau ɗaya fa na gani. A bari in maimaita."

Ya ce, "Maimaita mana, Dakta. Ni kuma zan buga katin gayyata. Kowa ya yi aikinsa."

Ta haɗa sabon sinadari, ta yi wa sababbin ɓeraye allura. Ƙari ya ƙara ƙiba kamar madara aka ba shi. Ta sake, haka. Ta rame har gilashin ya fi fuskar girma. Daga ƙarshe ta ɗauko ragowar kwalbar farko ta auna. Datti ne a ciki: ɓurɓushin matattun ƙwayoyin cuta, ɗan mitsitsi, da ya shiga ta ruwan haɗin. Su kuwa maciya, da sun sansano wannan sai su haukace, su afka wa duk abin da ke gabansu. Ba maganinta ne ya tashe su ba. Ta ce duk mai wannan sana'a ya san tarkon, shi ake fara koya wa ɗalibi, ita kuma murna ta sa ta tsallake awon.

Na ce, "To ki sayar da dattin mana. Akwai shi a bayan layinmu, tifa guda."

"Zai kashe mutum kafin ciwon ya kashe shi."

"To ki yi shiru. Ɓeraye ba sa hira da 'yan jarida."

Ba ta yi dariya ba. Gwaggo ta riga ta baza labari a maƙwabta, har wani tela ya zo ƙofar gida yana tambaya ko matarsa ta dakatar da zuwa asibiti, tunda magani ya kusa fitowa. Telan nan take tunani.

Ta koma wurin Darakta ta faɗa masa komai. Ya gyara zama ya ce, "Ki faɗi na farko, ki bar na baya a ɗaki. Ai ba ƙarya kika yi ba, ɓerayen sun warke ko ba su warke ba?"

Ranar taro na laɓe a bayan zaure. Darakta ya sa sabuwar farar riga, karin ninkin kanti bai ma baje ba. Ya yi magana har batirin wani mai kyamara ya mutu, ya gode wa kowa, har da kansa. Sannan ya miƙa mata makirfo.

Ta tashi, ta karɓa. Ta ce, "Babu magani. Kwalbata ta farko ta gurɓata, da na maimaita da mai tsabta bai yi komai ba. Kuskurena ne. Duk mai wannan ciwo, don Allah ya ci gaba da zuwa asibiti."

Wani ɗan jarida ya ɗaga hannu. "Wato, Dakta, datti ne ya warkar da ɓerayen?"

Ta ce, "Eh."

Murmushin Darakta ya tsaya a fuskarsa shi kaɗai, mai shi ya daɗe da tafiya.

Mako bai zagayo ba aka ce ta kwashe. Aka ba ta ɗakin ƙarƙashin matakala, inda ake jibge karyayyun kujeru. Da Gwaggo ta ji, cewa ta yi, "Duk karatun nan, babu ajin da ake koya wa mutum kama baki?"

Ni na yi dakon kayan. Ɗakin, in tana so ta juya sai ta fito waje. Na tsaya ina haki a bakin ƙofa, na ce, "Yanzu kin huta ai. Ki zo in koya miki wata sana'a ta mutane."

Ta naɗe hannun riga, ta dubi bango, ta dubi soket ɗaya tilo da ke aiki.

Ta ce, "Kama min firjin nan. Ta gefe zai shiga."