Ɗorawoyin Bayan Gari

Shekara biyu bayan an raba mu da Sakkwato anka yi abin nan, bazarar da na aurar da autata a Jangebe. Ban san lissafin boko ba, amma kaina bai taɓa ɓatar da rana ba.

Yamma da garinmu, kan hanyar Morai, akwai kurmin ɗorawa. Can munka tashi. Idan ɗorawa ta nuna, ba mai sa ƙugiya sai mai gari ya sa an yi shela. Ranar kuwa kamar salla: mata da kwanduna, bakin kowa rawaya da gari, ana waƙa ana tsegumi. Kalwar da ke cikin ɗorawar, da ita nake daddawar da har 'yan Mafara ke aikowa saye. Ba yabon kai ba, miyar da babu daddawata ruwan zafi ce.

Wata safiya munka tarar da turaku jajaye cikin kurmin. Ashe masu awo sun zo, gari ya cika, za a yanka filayen gidaje. Sun tara maza sun tambaya, “Gonar wa ce nan?” Maza sunka ce ba gonar kowa ba ce. Kuma ba su yi ƙarya ba, ba a taɓa sa fartanya wurin ba. Abin da ba su faɗi ba, ƙasa ta gari ce, amma kowace itaciya da mai ita. Uwa ke bar wa ɗiyarta, ko uwar miji ta nuna wa amarya tata.

Na ja mayafi, mata sunka biyo ni har zauren mai gari.

“Allah ya ja zamaninka,” na ce, “an ba da abinmu muna daka.”

Babban mai awo na zaune wurin, wani mai furfura a gemu, ya buɗe takarda. “Inna, duba, fili ne fari, ba kowa.”

“Malam, takardarka ta taɓa shan miya? Sa takalminka mu tafi.”

Da rana tsaka na zaga da shi. Wannan ta matar liman ce. Wannan mai kogo ta ungozoma. Tagwayen itatuwan can mata biyu 'yan gida ɗaya sunka gada, shekara goma ba sa gaisawa amma tare suke roro. Ina faɗi, mai ita na dafa gindinta, shi yana rubutawa, gumi na ɗiga kan takardar.

“Inna, kin fi taswira,” in ji shi.

“Na girme ta.”

Anka sake zama, wannan karo da mu. Anka mai da turakun ƙetaren burtali, anka rubuta cewa kurmi ba a gini cikinsa. Sai dai hanyar shiga sabuwar unguwa dole ta ratsa baki-baki, ta ci itace uku. Ta tsakiya ita uwata ta bar mini. Duk anka juyo ana kallona. In na ƙi, kowa za ta ƙi tata, zance ya wargaje. Na ce a sare, amma ba ina gari ba. Na tafi Jangebe na kwana uku.

Kurmin yana nan, gidajen kwano sun kewaye shi. Matar liman, tun daga shekarar nan, rabin kalwarta gidana take kawowa, har ta rasu. Yanzu jikarta ke kawowa.

Cikin waɗanda sunka dafa itace ranar, saura ni da ƙaramar 'yan gidan nan biyu. Ta makance, amma kai ta kurmin ka gani, da tafin hannu take gane tata.