Ranar da Dela Ta Kira Sunan Ɗanta

Duk wanda ya san garin Mainika ya san Dela mai daddawa, kuma da abu biyu aka san ta: daddawar da ba a taɓa tauna tsakuwa a ciki ba, da kunyar ɗan fari. Kunyar kuwa ba ta wasa ba ce. Tun da ta haifi Musbahu bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a Kara, ko leƙe ba ta je ba, kada a ce ta damu. In tana son a kira shi sai ta ce “wancan”. Matan gari da ita suke yi wa 'ya'yansu misali, ita kuma, a gaskiya, abin yana yi mata daɗi.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne maganar da surukarta Adawiyya, matar Musbahu, ta taɓa kawo mata, wai Musbahu ya ce shi har yau bai san ko Inna tana son sa ba. Dela ta ce shirme ne. Amma maganar ta ƙi fita daga ƙirjinta, don ba ta ga yadda za ta nuna masa ba tare da ta zubar da abin da aka san ta da shi ba.

Shi Musbahu gyaran waya yake yi a Gwarzo, magidanci ne har da 'ya'ya. In ya taso daga shago sai ya zauna gaban kwamfuta yana ƙera jiragen yaƙi a cikin wani wasa. Shi zai zana fiffike, ya zaɓi inji, ya daidaita nauyin gaba da na baya, sannan ya shiga ya tashi da jirgin ya ga ko zai jure. Dela takan ce, “Gemu cike da fuska ana wasan yara. Allah ya shirya.”

Wata rana ta je Gwarzo a duba mata ido, ta biya gidansa bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango kamar kullum.

“Inna, yau zan gwada wani sabon jirgi,” in ji shi. “Na rage masa fiffike don ya fi saurin juyawa. Ki gani mana.”

“Ni ina ruwana da shi,” Dela ta ce, Adawiyya take gaya wa, ba shi ba.

Ya haɗa kwamfutar da talabijin, ya rufe kunnuwansa da abin sauraro, ya juya mata baya. Dela ta saci kallo ta gefen ido, sai gabanta ya faɗi. Ta zaci zanen yara za ta gani. Ga hannaye biyu riƙe da abin tuƙi, ga gonaki can ƙasa suna ƙanƙancewa, ga gajimare na wucewa. Ba ta san lokacin da ta juyo gaba ɗaya ba.

Musbahu ya murɗa jirgin da ƙarfi. Fiffiken dama ya ɓalle. Nan take ƙasa da sama suka shiga juyawa, jajayen fitilu suna ta ƙiftawa, hayaƙi ya cika gilashin. Shi kuwa ya duƙufa yana kokawa da abin tuƙin, kuma ƙeyarsa sak ta ubansa, wanda babbar mota ta kife da shi a hanyar dawowa daga kasuwa tun Musbahu yana rarrafe. Dela ta san wasa ne. Wallahi ta sani. Amma ƙasar tana ta matsowa, ɗanta kuma yana ciki.

“Musbahu! Fito!”

Kofin da ke hannun Adawiyya ya suɓuce. Jirgin ya daki ƙasa ya kama da wuta, ba wanda ya kalle shi. Dela ta toshe bakinta da mayafi, ta fi kowa firgita da abin da ya fito daga bakinta.

Musbahu ya cire abin kunnen a hankali. Idonsa ya kawo ruwa.

“Inna, kin kira ni?”

Dela ta mayar da fuskarta bango. Ta ce wa Adawiyya, “Ki gaya wa wancan ya mayar wa abin nan fiffikensa.”

Maganar ta isa Mainika kafin ita ta isa, matan gari suka riƙe baki, wasu har yau ba su yarda ba. Dela ba ta sake kiran sunan ba, shi ma bai sake tambayar ko tana son sa ba. Adawiyya ta ce ya ƙera jirage da yawa bayan nan, duk wanda ya faɗi yakan gyara shi. Wancan jirgin ɗaya ne ya ƙi taɓawa, yana nan da guntun fiffikensa.