Fegin da Yaya Ya Hana Taki

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuli, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana bayan jinyar kwana huɗu kacal. Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Har yau bakina bai saba da ce maka marigayi ba.

Yaya, shekara ashirin kana aiki a cibiyar binciken noma, amma ni da na tsaya a aji shida ban taɓa gane aikin ba. Idan na ce wa mutane manomi ne kai, sai ka yi dariya ka ce, "Auta, ni lissafin taki nake yi." Ka taɓa nuna mini wani layi a kwamfuta, ya hau, ya lanƙwasa, ya kwanta. Ka ce buhun farko gona za ta gode, na biyu ta ƙara, na biyar kuwa kuɗinka kawai ka binne. Na ce to, alhali ni wutsiyar kyanwa nake gani.

Da mijina ya rasu, kai ka riƙe ni da 'ya'yana. Ka kafa turaku a gonar da ya bari, ka raba ta fegi goma sha biyu, kowanne da lambarsa da awon takinsa. Iri naka, taki naka, masara tawa. Abin da ka roƙa kawai, kada a haɗa girbin sai ka ɗora kowanne a sikeli. Fegi na bakwai kuwa ka ce ko ƙwaya ɗaya kada a sa masa, da shi za a gane abin da takin ya ƙara wa sauran.

Na kasa, Yaya. Masarar wurin ta yi rawaya, ta tsumbure, maƙwabtanta kore shar. Sai na ga kamar maraya ne a cikin 'yan gata. Na riƙa ɗibar taki a gwangwani ina zuba masa a ɓoye. Damina uku. Ranar awo kakan tsaya kana sosa ƙeya, ka ce, "Ikon Allah, wannan bakwai ɗin ko aljanu ke ciyar da shi?" Ni kuwa in sunkuyar da kai ina ɗaure buhu.

Shekaranjiya Dakta, abokiyar aikinka, ta zo karɓar littattafanka. Ta ce da su za a kammala shawarar da za a ba manoma kan yawan takin da za su riƙa sawa. Nan take na tuna da fegi na bakwai. Idan lissafin ya nuna ƙasa ba ta buƙatar taki sosai, mutane su rage, gonakinsu su ƙi, sunanka za a kira, alhali hannuna ne. Na tare ta a bakin ƙofa na faɗa mata komai, ina kuka.

Ta zauna, ta buɗe littafin shekarar farko, ta juyo mini shi. An ja layi da jan biro a kan lamba bakwai, a gefe ga rubutunka: "A cire. Auta ta ji tausayinsa." Haka na shekara ta biyu, haka na ta uku. Ta ce ba ka taɓa sa shi a lissafi ba, da irinsa na wasu gonakin da kake gwaji a cikinsu ka yi aiki.

To, Yaya, tunda ka sani, me ya hana ka yi mini faɗa? Me ya sa kowace shekara kake sake kafa turken, kana sake ja mini kunne? Tsokanata kake yi, ko jira kake in faɗa da bakina? Na tambayi matarka, ta ce ita ma ba ta sani ba, sai dai ranar awo kakan dawo gida kana dariya kai kaɗai. Ban san ko kunya zan ji ko sanyi ba. Gafarar da nake son nema ma, ban sani ba ko ka riga ka ba ni.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kamar yadda ka rufa mini asiri. Ina yi wa matarka, da 'ya'yanka huɗu, da abokan aikinka ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.