Awartakan Baba Sun Shiga Aji

Babanmu maƙeri ne, irin wanda ko zazzaɓi yake yi sai ya leƙa maƙera ya taɓa guduma. Amma kasuwa ta juya masa baya tun da kayan kanti suka cika gari. Babban yayanmu ya yanke magana: ƙarshen wata za a mayar da maƙerar shagon cajin waya. Tun daga nan abinci ya daina shigar Baba. Abin ya ci min rai.

Ni malamar kimiyya ce, kuma a makon nan ina fama da darasin tsuntsayen tsibiri. Tsuntsu iri ɗaya ya faɗa tsibiri, jikokinsa suka watsu neman abinci, a hankali zuri'ar masu fasa ƙwallo ta zama mai kaurin baki da wuya, ta masu zaƙulo tsutsa kuwa siririya. Na zana har alli ya ƙare, yara na kallona kamar ina karanta musu takardar magani.

Sai na tuna awartakan Baba da yake kama jan ƙarfe da su, kowanne da irin bakinsa. Na roƙi aro. Ya ce ko mahaifinsa bai taɓa ba da aron awartaki ba, inda suka je nan maƙeri yake zuwa. Haka ya biyo ni makaranta da buhunsa, ya hakimce a bencin baya.

Na zuba ƙwallaye masu tauri a tebur, na sa tsaba cikin kwalba. Mai faffaɗan baki ya fasa ƙwallo amma ya kasa shiga kwalba, siririn ya shige sumul. Aji ya kaure da hayaniya. Wata yarinya ta tambayi dalilin da hannayen awartakan ma suka bambanta.

"Baki mai nauyi sai da jiki mai ɗaukarsa, 'yata," in ji Baba. "Kuma dukkansu daga sandar ƙarfe ɗaya na fitar da su."

Shugabar makaranta tana bakin taga ashe. Ta ce a ƙera wa kowane aji, makarantun maƙwabta ma suka aiko.

Ranar da Yaya ya zo da kafinta don auna inda za a kafa kantar shagon, wuta na ci, ƙarfe ya yi jawur. Baba ko ɗagowa bai yi ba.

"Ka zo a daidai, babban mutum. Cire agogon nan ka kama min zuga."