Direba Biyu a Mota Ɗaya

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba. Duk lokacin da na tuna shi, wata Talata ce ke fara zuwa mini, ƙarfe goma na safe, a harabar wani kamfanin Turawa mai sayen dankali a Farin Gada. Mu biyar ne: Yaya, mai kula da motoci, ni, magatakarda, direbobi biyu, Sani da Bitrus, sai sabuwar manaja daga Turai, wadda muke kira Madam.

Tun safe gari ya ɗauki zafi, ana raɗe-raɗin rikicin addini. Ana ta rufe shaguna, kowa na kiran gida a waya.

Tsarin Yaya shi ne kowace mota ta fita da direba biyu. In za a ratsa Ali Kazaure, unguwar Musulmi, Sani ke tuƙi. In an doshi Anguwan Rukuba, unguwar Kiristoci, Bitrus ya karɓa. Ba a taɓa rubuta wannan ba. Madam ta gano, ta ce dokar kamfani ta hana raba aiki bisa addini, don haka Sani ya fita da kaya shi kaɗai.

"Madam, ban taɓa tambayar kowa addininsa ba," in ji Yaya. "A hanya ake tambaya."

Ta ce ya miƙa makulli ko ya bar aiki. Kafin ran nan, ban taɓa ganin Yaya ya musa wa na gaba da shi a gaban mutane ba. Ya zura makullin a aljihu.

"Oga, bar ni in je," in ji Sani. "Ina da iyali."

"Saboda iyalin ne ba za ka je ba."

Har yau ban ɗauki Madam a muguwa ba. A ƙasarsu an yi dokar ce don kare irin su Sani. A nan, ran nan, dokar na iya sa ya kasa dawowa gida. Daga ƙarshe ta ce Sani da Bitrus su tafi su biyun, amma da ita a gaban mota.

Sai bayan la'asar suka dawo. Madam ta wuce ofis kai tsaye. Bitrus ne ya gaya mana sau biyu matasan unguwa suka tare su a hanya, kuma kowane karo gaisuwar wanda ke riƙe da sitiyari ce ta wuce da su.

Yanzu manhajar waya ke raba wa direbobi hanya, ba ta san unguwa ba. Nakan tambayi kaina ko wa Yaya zai yi wa gardama yau. Ina jin zai nemi wanda ya aiko ta, ya ce ya shiga gaban mota.

An sa masa takardar gargaɗi a fayil saboda ƙin bin umarni, tana nan har ya rasu. Mako guda bayan waccan Talatar, Madam ta ƙara layi a jadawali: mataimakin direba. Sani da Bitrus har yau mota ɗaya suke ja.