Allurar da ta Kwana a Firizar Goggo Habi

Wata Laraba ce bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Tsakar gidanmu a zangon Kumasi har lokacin tana ƙamshin soyayyen naman rago. Tun da sassafe na share ƙofar gida, na jera bencinan da Baba ya sa aka ƙera a Anloga, unguwar kafintoci, na rataye ma'auni a reshen mangwaro, domin ranar awon jarirai ce da allurar rigakafi. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ita ce nas ɗin unguwa. Shekaru ta yi tana bin gida gida tana roƙon mata su kawo 'ya'yansu, ana rufe mata ƙofa, ana cewa allurar tana hana haihuwa. Ranar nan dai sun zo. Bencina suka cika har wasu suka shimfiɗa zannuwa a ƙasa, masu koko da masu wake da shinkafa duk sun baro tukwanensu.

Ashe akwai matsala a cikin gida. Firijin ɗan asibitin da Mma take aiki ya lalace ranar Talata, shi ya sa ta taho da kwalaben maganin ta ajiye a ƙasan firijinmu, inda sanyi bai yi yawa ba. Goggo Habi, yayar Baba, mai sayar da lamurje da ƙanƙara, ta gan su kusa da tumatir, ta ce ina aka taɓa wulaƙanta maganin gwamnati haka. Da kyakkyawar niyya ta kwashe su ta cusa a firizarta. Da safe Mma ta ciro su sun daskare kamar dutse.

Ba ta daɗe da dawowa daga kwas ba, kwas ɗin da sai da ta yi rigima kafin a sa sunanta. A can aka koya musu cewa irin wannan magani in ya daskare ya mutu, ko da ya narke ya koma daidai a ido. Ina tsaye da tsintsiya na ji Goggo tana cewa, "Haba Zainabu, ki sa a ruwa ya narke mana. Wa zai sani?" Mma ta ce, "Ni zan sani, Yaya. Ranar da tarin shiƙa ya kama ɗan wata, ita ma za ta sani."

Ta gyara farar rigarta ta fita, ta faɗa wa matan cewa magani ya lalace, yau awo kawai za a yi. Ba ta ambaci sunan Goggo ba, ba ta kuma yi ƙaryar cewa ba a kawo ba. Kai, na ga tashin hankali! Hajiya Memuna mai wake ta miƙe da jikanta a baya, tana zagi da Hausa tana ƙarasawa da yaren Twi, wai an raba su da ciniki don a yi musu wasa da hankali. Wata ta ce sanyi ai gyara yake yi, ba ɓatawa ba. Kafin hantsi bencina sun zama wayam, ni kuwa na sauke ma'auni ina kuka don haushi.

Daga ranar aka laƙaba wa Mma Nas Ƙanƙara. A bakin famfo, a filin makaranta in muna wasan tsalle da tafi da ake kira ampe, sai wata ta tafa hannu ta ce "'yar Nas Ƙanƙara," ni kuma in cakumi wuyanta. Na sha bulala a kan haka, ban kuma taɓa ba da haƙuri ba. Da aka kawo sabon magani, mata kaɗan suka dawo. Mma ba ta zauna jiran sauran ba. Ta rataya akwatin sanyi ta koma bin gida gida kamar farko, har cikin kasuwar Kejetia ta bi Hajiya Memuna, ta tsaya mata a gaban tukunya tana tare masu saye, sai da ta kwance goyon ta miƙo. Goggo Habi ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, amma ita ce ta riƙa daskarar wa Mma ƙanƙarar akwatin har ta rasu, kuma ba ta sake taɓa kwalba ba.

Yanzu an sare mangwaron an gina shago, asibitin yana da firiji mai aiki da hasken rana, Mma kuwa ta tsufa hannunta yana rawa, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Jaririn da Hajiya Memuna ta kwance a Kejetia shi ne yake gyara mini babur, bai san komai game da wannan Laraba ba. Ina kewar ƙarar bencinan nan da nake ja da safe. Tsofaffin unguwa har yau 'yar Nas Ƙanƙara suke kirana, ni kuma da ƙarfi nake amsawa.